Hannun da aka ɗaga don kunyar baƙo

To, na kalli bidiyon. Ku daina turo min shi, don Allah. Wasu matasa sun taso daga Amurka, sun yi mako biyu a Chiang Mai, wani birni a arewacin Tailan, sun tara ɗaliban jami'a a wani ɗaki da jita da abin taɓawa, an ce wanda yake son Yesu ya ɗaga hannu, hannuwa sun tashi, an ɗauki hoto, an koma gida ana shelar wai farkawa ta sauka a Tailan. Mu kuma nan muna ta zuba "Amin" da "Halleluya" a ƙarƙashi. Madalla. Aikin da ya gagari mutane kusan shekara 200, ga shi yara sun gama shi a hutun makaranta, har da ragowar kwana biyu na zuwa kallon giwaye.

Jama'a, abin da aka ƙirga a ɗakin nan ladabi ne. Ladabin mutanen Tailan aka ƙirga, aka rubuta a rahoto da sunan tuba.

Mutanen nan suna da kara da alkunya, kamar dai yadda mu ma muka taso. Ba sa son ba wa baƙo kunya, ba sa son cewa a'a a gaban jama'a, balle ga wanda ya ciyar da su, ya yi mako guda yana koya musu Turanci kyauta. Ɗalibi mai farar riga da baƙin wando, wanda tun yana yaro aka koya masa haɗa tafuka ya sunkuyar da kai in zai gaida na gaba da shi, ka tsaya a kansa kana murmushi ka ce ya ɗaga hannu, me kake tsammani? Zai ɗaga mana! Ya ɗaga don kada ranka ya ɓaci. Gobe da sassafe kuma zai taya mahaifiyarsa zuba shinkafa a kwanon limaman Buda da ke wucewa ta ƙofar gida, kuma a ransa bai yaudari kowa ba.

Ku dubi tarihin wurin kafin ku yi ta murna. Masu bishara na Furotesta sun fara isa Bankok a 1828. Likita Dan Beach Bradley ya sauka a 1835, ya yi tiyata, ya yi yaƙi da cutar agana, ya kafa injin ɗab'i, ya fitar da jarida, ya zauna shekara 38 har ya rasu a can a 1873, kuma waɗanda suka karɓi bishara ta hannunsa 'yan ƙalilan ne. Daniel McGilvary ya isa Chiang Mai ɗin nan a 1867, sai a 1869 ya yi wa mutum na farko baftisma, a shekarar ce kuma sarkin garin ya sa aka kashe biyu daga cikin sababbin masu bi. Sai a 1878 aka fitar da dokar da ta ba mutanen arewacin ƙasar 'yancin bin addinin da suke so. Yau, bayan asibitoci da makarantu da Jami'ar Payap da ikkilisiya ta kafa a 1974, Kirista a Tailan ba su wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari ba, sama da kashi 90 mabiya Buda ne. To waɗancan duk ba su iya addu'a ba ne? Jita ce ba su zo da ita ba?

Akwai dalilin da ya sa abin ke da nauyi, kuma ba a gano shi a mako biyu. A can al'ada ce saurayi ya aske kai, ya sa rigar limaman Buda na ɗan lokaci, don iyayensa su sami lada, musamman uwa. Yaron da ya ce ya bi Almasihu da gaske, abin da yake gaya wa uwar da ta biya masa kuɗin makaranta shi ne ba zai yi mata wannan ba. Ranar da zai faɗi maganar nan a gida, wa ke zaune kusa da shi? Baƙon da ya ce masa ya ɗaga hannu yana can wata nahiya yana nuna hotuna a majami'a. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Na san abin da za ku rubuto. "Ai Bulus ma yawo ya yi." Ku buɗe Ayyukan Manzanni 18:11, shekara ɗaya da wata shida ya yi a Korinti, yana ɗinkin tanti da hannunsa. A Afisa shekara uku. "Ai iri suka shuka, Allah ne mai sa girma." Na yarda. To su ce sun shuka iri, su daina kawo mana lissafin girbi. "Ai su kansu matasan sun ƙaru." Wannan ma na yarda, sai a kira tafiyar da sunanta, a ce yawon buɗe ido ne da ƙarin ilimi, a daina sa tsofaffin mata cire baiko don kuɗin jirgi da sunan ceton rayuka. Masu cewa hassada nake yi don ban taɓa hawa jirgi ba, na ji, Allah ya ba ku lafiya.

Abin da ya fi ci min rai ma takardar gayyatar ce. An rubuta ajin koyon Turanci kyauta, ba a ambaci wa'azi ko sau ɗaya ba. Yaro ya zo neman abin da zai taimaka masa ya sami aiki a otal ko kamfani, sai ya tsinci kansa a tsakiyar addu'ar tuba. In saƙon gaskiya ne, me ya sa ake shigo da shi ta bayan gida? Ka faɗa wa mutum kai wane ne tun daga bakin ƙofa, in ya shigo ya shigo da saninsa.

Ba na raina zuciyar yaran nan, Allah ya sani. Na tabbata wasunsu sun yi kuka da gaske ranar rabuwa. Amma mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ai bai kamata a ruɗe mu ba. Likita Miller na Wusasa shekaru ya kwashe yana zaune a ƙasar Zazzau, yana koyon harshe a bakin masu shi, kafin fassarar 1932 ta fito. Harshen Tailan kuwa karin sauti biyar gare shi, ka karkata murya kaɗan ka faɗi wani abu dabam. Masu aikin gaske su ne fastoci da ma'aikatan ɗalibai 'yan ƙasar, waɗanda bayan baƙi sun tashi za su bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, a ƙi ɗaga musu waya, su sake kira. Ba su fito a bidiyon ba. Kuɗin jirgin mutum ɗaya daga Amurka zai riƙe ɗayansu watanni.

Af, wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon wai shi bai san komai game da Tailan ba. Malam, kafin a rufe iyakoki a 2019, buhun shinkafar da aka dafa a bikinka daga ina kake tsammani ya fito? Je ka duba tsohon buhun da Hajiya maƙwabciyarku ke shanya kuɓewa a kai, za ka ga rubutun. Ni dai har yanzu ban sami wanda ya yi min bayanin yadda shinkafa ke ƙetaro teku, ta biyo ta Kwatano, ta iso Kano, kuma ta zo ta yi gogayyar farashi da wadda aka noma a Kura ba.