Gashi sau biyar maimakon wata biyu: mu ne muka fi buƙatarsa, amma da sharaɗi

Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo mai kansar prostate (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza) ya san ba kuɗin gashin, wato ƙona ciwon da hasken inji, kaɗai ke karya gida ba. Tsohon tsari zama 37 zuwa 39 ne, Litinin zuwa Juma'a, kusan wata biyu, kuma mu nan Kano sau tari sai an tafi Zariya ko Abuja ko Legas, a kama ɗaki, ɗa guda ya rufe shagonsa a Kwari ya tare gun Baba, ga ledar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, in inji ya tsaya a ce ku dawo wani satin. Da yawa a nan suke sarewa su koma gida.

Shi ya sa gashin SBRT ya tsaya min a rai. Ana tattara haske mai ƙarfi a auna daidai inda ciwon yake, a gama a zama biyar cikin sati ɗaya ko biyu. A binciken Suwidin da Denmak na 2019 kan maza 1,200, zama bakwai ya yi kunnen doki da zama 39, kashi 84 cikin 100 a kowane ɓangare ciwon bai dawo ba bayan shekara biyar.

To amma fa kashi 11 kacal na mutanen ne masu ciwo mai haɗari sosai, wanda a wajen likitoci yake nufin awon jini na PSA sama da 20, ko makin Gleason na munin ciwon 8 zuwa 10, ko ciwon ya fara leƙowa wajen prostate ɗin, alhali irinsu ne suka fi cika asibitocinmu saboda ba ma zuwa da wuri. Hujjar a kansu ba ta kai ta sauran ƙarfi ba tukuna, kuma dole a haɗa musu da allurar danne sinadarin maza, wata 18 har zuwa shekara uku, duk da tana rage ƙarfin namiji. Wannan ne abin da maza ba sa son ji, gara likita ya faɗa ƙarara tun farko.

Sannan haske mai ƙarfi haka in ya kauce kaɗan, dubura da mafitsara ne za su ji jiki. Don haka abin da nake so gwamnati ta gane, sayen inji bai wadatar ba, sai da hoto kafin kowane zama, da ƙwararrun masu auna haske, da wutar da ba ta ɗaukewa mutum yana kwance a kan gadon.