Curin dabino da blandar uwargida

Likita bai hana ni cin komai ba. Ya dai dubi sikeli, ya dube ni, ya ce in rage kayan zaƙi. Uwargida ce ta mayar da maganar dokar-ta-ɓaci: babu biskit, babu cakulan, babu lemon kwalba. Ni kuwa irin mutanen nan ne da idan la'asar ta yi ba su tauna wani abu mai zaƙi ba, ko gaisuwa ba sa amsawa da daɗin rai.

Ana cikin wannan ƙunci na ci karo da wani bidiyo a waya. Wata mata ce a kicin ɗinta fes, ta zuba dabino a inji, ta bi shi da almon da kashu, ta danna maɓalli, ta kwashe, ta mulmula ƙananan curi ta jera a faranti. Ba wuta, ba tukunya, ba a ƙara sukari ko ƙwaya ɗaya ba. Ko gumi ba ta yi ba, farar rigarta yadda ta shiga haka ta fita. Na ce alhamdulillahi, ga zaƙin da doka ba ta hau kansa ba.

Ranar hutu uwargida na shirin fita unguwa ta gan ni da ledar dabino da gyaɗa. Ta ce, "Maigida, ka bari in dawo mu yi tare mana." Na ce mata, "Abin da babu wuta a cikinsa, me zai ƙone?" Ta gyara mayafi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta fita. Ta bar ni da 'yar autarmu, wadda ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin don kada komai ya wuce ta.

Ashe dabino suna ne kawai ya tara su. Wanda matar bidiyo ta yi amfani da shi Medjool ne, babba mai taushi, asalinsa daga Maroko, wanda da yatsu biyu ma za ka iya lallatse shi. Akwai Deglet Noor na Aljeriya da Tunisiya, shi tsaka-tsaki ne, ba taushi can ba, ba tauri can ba. Sai kuma busasshe, wanda idan ya faɗi ƙasa sai ka ji ƙwal. Nawa ke nan. Bidiyon bai ce uffan a kan wannan bambanci ba, don haka ban ga ta inda laifi zai biyo ta kaina ba.

Na zauna na ɓare su ɗaya bayan ɗaya ina cire ƙwallo. Wannan aikin kaɗai, wanda a bidiyo ko nuna shi ba a yi ba, ya ci mini babban yatsa. Kuma dole ne a buɗe kowanne a duba, domin wani dabinon a waje sumul, a ciki kuwa ƙwaro ya riga ka yin walima. Na zuba su a blandar uwargida, wadda take ji da ita, na danna maɓalli mafi ƙarfi, saboda ni ba mai wasa da aiki ba ne.

Ƙarar da ta tashi ba ta niƙa ba ce. Gau! Ƙaras-ƙaras! Gau! Yarinya ta toshe kunne ta ce, "Abba, dutse ka sa?" Ƙwallo ɗaya ne ya ɓuya a cikin wani dabino, kuma duk wanda ya san ƙwallon dabino ya san ba abin da wuƙar blanda za ta yi wasa da shi ba ne. Na kashe, na laluɓo shi, ya fito da 'yar ƙwarzana a gefe, ita kuwa wuƙar ta ɗan langaɓe. Na sake kunnawa. Yanzu sai ta koma gurnani. Dabinon ya haɗe wuri ɗaya ya naɗe wuƙar, ta juya da ƙyar, ta sake juyawa da ƙyar, sai tsit. Can sai ga ƙauri.

Yarinya ta shaƙi iska ta ce, "Abba, ka ce wa Umma babu abin da zai ƙone."

Blanda, ga wanda bai sani ba, ruwa take so. Tulunta dogo ne mai tsukakken gindi, ruwan ne yake jawo kaya ƙasa zuwa bakin wuƙa ya sake watsa su sama. Idan ka ba ta abu mai danƙo babu ruwa, motar da ke juya wuƙar ce take ta fama ita kaɗai har ta ɗauki zafi. Injin matar bidiyo wani ne daban, mai faɗin ciki da doguwar wuƙa mai lanƙwasa, wanda aka yi don sara da kwaɓa busassun kaya. A ido dai duk inji ne mai murfi da maɓalli. Na cire filogi, na lulluɓe blandar da tsumma, na tura ta bayan tukwane.

Na jawo turmi. Kakannin kowa a duniya da shi suka yi, ban ga abin da zai gagare ni ba. Taɓaryar farko, dabino ɗaya ya yi tsalle ya fice ta taga. A nan na yarda cewa sai an jiƙa. Ƙa'idar ita ce a zuba ruwan zafi, a bar shi minti 10 zuwa 15, a tsane shi sosai. Ni kuwa na zuba ruwa na je na ɗan kishingiɗa don bayana ya huta, barci ya yi awon gaba da ni. Da na farka dabino ya kumbura ya yi luguf, ruwan ya yi ja, ya yi zaƙi. Zubar da wannan ruwa ai almubazzaranci ne, sai na juye duka a turmi.

Kirɓi kaɗan, abu ya caɓe. Ba curi ba, ko cokali ba ya tsayawa a ciki. Na ce ba komai, gyaɗa za ta shanye. Na daka gyaɗa na zuba, ya yi tauri yana warwatsewa. Na jiƙa wani dabinon na ƙara, ya sake caɓewa. Na ƙara kashu. Na ƙara dabino. Muka tashi daga turmi muka koma kwano, daga kwano muka koma robar wanki. Ma'aunin gaskiya ba wuya gare shi ba: kofin dabino ɗaya, kofin gyaɗa ko almon ɗaya, ɗan gishiri a bakin yatsu don ya fito da zaƙin. Ni dai na wuce maganar kofi tun da rana.

Gyaɗar ƙarshe kuma na dake ta da fushi. Gyaɗa kusan rabinta mai ne, idan ka matsa mata da daka sai ta fara sakinsa. Ana so a ɓarza ta ne kawai, ta yadda haƙori zai riƙa cin karo da ita. Tawa ta yi laushi har tana ƙyalli, mai yana bin gefen roba.

Mulmula ita ce inda na san an cuce ni. Na tsoma hannu biyu, suka fito da safar dabino. Na yi ƙoƙarin cire na dama da na hagu, sai na hagun ya koma dama. Daidai lokacin tabarau ya zamo zuwa kan hanci, hancin ya fara ƙaiƙayi, waya kuma ta ɗauki ƙara, na leƙa, shugabana ne na wurin aiki. Na danna da haɓa. Ya ce, "Malam, lafiya na ji kana haki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, motsa jiki nake yi." Ya yaba mini ƙwarai, ya ce in ci gaba, irin shawarar da yake ba ma'aikata ke nan. Yarinya ce daga ƙarshe ta ce ta ga Umma tana jiƙa hannu da ruwa in za ta taɓa abu mai danƙo. Na ce da ma ina shirin yin haka.

Na fara da ƙanana, na ga robar ba ta raguwa, sai na riƙa ƙara musu girma har suka cika tafin hannu. Wasu na birgima su a garin kwakwa, wasu a riɗi, sauran a hodar koko. Na jera a tire na ja da baya ina kallon aikina. Yarinya ta daɗe tana duban na kokon, ta ce, "Abba, kamar kashin raƙumi." Na aike ta ɗaki ta yi karatu.

To amma fa, bayan sun yi rabin awa a firji sun kama jikinsu, abin nan ya yi daɗi. Wallahi ya yi daɗi. Zaƙin dabino, garɗin gyaɗa, ɗan ɗacin koko, gishiri yana leƙowa daga baya. Na ci ɗaya a tsaye. Na tuna abincin lafiya ne, na jawo kujera.

Uwargida ta dawo tare da ƙanwarta, wadda take karatun kimiyyar abinci kuma ba ta taɓa raga mini ba. Uwargida ta tsaya a tsakiyar kicin, ta dubi bango, ta dubi turmi, ta dubi robar wanki, ta ɗaga hanci sama. Ba ta ce komai ba ta miƙa hannu bayan tukwane ta ɗaga tsumma. Ta sa filogi ta danna, sai blanda ta tashi. Ashe irinta tana da abin da yake yanke wuta da kansa idan mota ta yi zafi, in ta huce ta dawo. Na ce, "Kin gani? Hutawa take yi." Ta ce, "Wuƙar ma hutawa ta yi ta kwanta gefe?"

Ƙanwar tata kuwa tire ta nufa. Ta ɗauki curi ɗaya ta auna a hannu ta ce, "Yaya, nawa ka ci?" Na ce mai abinci ba ya ƙirga. Yarinya ta leƙo daga ɗaki ta ɗaga duka yatsun hannayenta biyu.

Sai ƙanwar ta zaunar da ni. Ta ce dabinon Medjool gram 100 yana da kalori wajen 277, kuma kusan gram 66 a ciki sukari ne. Ƙwaya ɗaya babba, mai gram 24, tana ɗauke da sukari gram 16, wato cokalin shayi 4. Busasshe irin nawa kuwa ruwansa ya fi ƙaranci, don haka ba ya kasa hakan. Gyaɗa gram 100 kalori 567. Gwangwanin lemon da aka hana ni, mai mililita 330, sukarinsa wajen gram 35 ne, manyan dabino biyu sun kusa kamo shi. Na ce ai na dabino na Allah ne. Ta ce, "Rake ma ba mutum ne ya halicce shi ba, Yaya."

Don adalci, ta yarda cewa curina ya fi biskit. Dabino yana da harza, wato zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wajen gram 7 a cikin 100, yana da sinadarin fotashiyam, ga mai da furotin na gyaɗa da suke sa abin ya daɗe a ciki ya riƙe mutum. Amma ta ce ana yin su ne girman loma ɗaya, a ci ɗaya ko biyu a tashi, kuma mai ciwon sukari ya tambayi likitansa tukuna. Ta ƙara da cewa in zan kai wa abokan aiki in faɗa musu akwai gyaɗa da kashu a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan, abin yana iya kai su asibiti. Duk wannan bayani tana yi tana ci. Na lura na riɗin ta fi so.

Uwargida ta yanke hukunci. Ta raba kowane curi gida huɗu, ta bar kaɗan a firji, tunda a can suna kai mako ɗaya zuwa biyu, sauran ta ɗaure a leda ta tura can ƙasan firiza inda za su yi watanni. Lissafinta shi ne, kafin su narke kwaɗayina ya wuce.

Abin da ƙanwarta ba ta gaya mata ba, ni kuma na gano da tsakar dare, shi ne abu mai yawan sukari da mai, mai ƙarancin ruwa, ba ya zama ƙanƙara. Daga firiza kai tsaye yana taunuwa, har ya fi daɗi. Na riƙa gyara ledar ina hura mata iska don ta ci gaba da kumbura.

Wata safiya ina shirin fita ta ce, "Maigida, jiya ka tashi cikin dare?" Na ce ruwa na sha. Ta ce, "To ka karkaɗe gemunka kafin ka fita, ruwan ya bar maka kwakwa."