Kilim Mai Shan Ruwan Garuwa

Mu da muke sayen ruwa bidon-bidon a hannun ƴan garuwa nan Damagaram, sai ga kilim ɗin salona, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana zubar da nasa kyauta bisa kafet. A Afrilu ko ɗigo ba ya yi, don iska a bushe take. Amma Agusta na kamawa, laima ta cika ɗaki, bango ya fara tsiyaya. Bayan bangon kuma gidan maƙwabci ne, babu inda tiyo zai gangara.

Na sayo ƙaramin famfo mai ɗan tanki, wanda ke tura ruwan kilim ɗin zuwa sama ya fita tsakar gida. A cikin tankin akwai wani ɗan abu mai iyo. Ruwa ya taru, ya ɗaga shi, famfo ya tashi. In famfo ya ƙi aiki ruwan ya ƙara hawa, sai makunnin tsaro ya yanke wa kwamfaresa, wato injin waje mai kawo sanyi, kuran kafin ambaliya. Mai gyaran wuta ya ce jika biyar zai ɗaura. Jika biyar don waya biyu! Na ce ya sha zamansa.

Na kashe kuran daga kwanta, don ban gaji da duniya ba. Makunnin baki uku gare shi na ɗaura waya, masu alamar C, NC da NO. Na yanke wayar da ke ba injin waje umarni, na sa ɗaya a C, ɗaya a NO, saboda shi ya fi kusa da hannuna.

Na kunna. Fanka na juyawa, sanyi babu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, da can aƙalla muna jiƙewa cikin sanyi."

Don in gwada famfon na ɗauko buta na tuttula ruwa a tankin. Sai ga injin waje ya yi gurnani ya tashi! Kafin in gama hamdala famfo ya zuƙe ruwan, injin ya mutu. Na ƙara buta, ya tashi. Famfo ya zuƙe, ya mutu. Nan na zauna kan kujera ina shayar da kilim kamar mai kiwon ragon layya, yarana biyu sun yi layi daga randa zuwa salo. Da mai garuwa ya dawo karo na biyu sai da ya tambaya ko suna za a yi a gidan.

Dabara ta zo mini: na zare wayar famfon don tanki ya zauna a cike. Wallahi sanyi ya zo, irin wanda ban taɓa ji ba. Muka yi barci. Da asuba na sa ƙafa ƙasa na ji tsamo-tsamo, takalmana na yawo wajen ƙofa.

Mai gyaran ya zo da hantsi, ya dubi wayar, ya dube ni.

"Baba, ai kun ce masa kada ya yi aiki sai gida ya cika da ruwa. Umarninku ya bi."

Ya ciro waya daga NO ya mayar NC, wanda yake a haɗe kullum, sai ruwa ya yi yawa ya rabu. Ko turnabis ɗinsa bai ciro ba, nawa ya ara. Ya ce jika bakwai.

Na ce, "Ɗana, jiya biyar ka ce."

Ya ce, "Jiya ban tsaya cikin ruwa ba, Baba."