Ranar da sandar Yaya Alhaji ta hau dalbejiya

Ni fa a gona na tashi, can hanyar Giwa, duk abin da aka miƙo mini mai ƙota riƙon fartanya nake yi masa. Shi ya sa da yayan matata, wanda muke kira Yaya Alhaji, ya ce in raka shi filin golf na GRA ranar Asabar, na raina abin. Ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba, tana zaune wuri guda, ba mai tsaron gida, ina wahalar take?

Na tafi da shadda ta sha guga, har da hula. Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗaurin aure aka gayyace ka?"

Yaron da ke ɗauke da jaka ya zaro sanda ɗaya daga cikin 14, wai doka ba ta yarda a wuce haka ba. Na cafke ta da tafin hannu biyu, na daddage. Yaya ya ce, "Malam, ba kunya za ka tayar ba. Saki."

Sai ya shiga karantarwa. Mai amfani da dama, hagunsa ne ke sama, kuma shi ake sa wa safar hannu (ni da na ga ɗaya ce a hannunsa na ɗauka ɗayar ta ɓace, har na yi masa jaje). Sandar a yatsu take kwanciya, ba a tsakiyar tafi ba. In ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu na bayan hannun hagu, kuma tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta nuna kafaɗar dama. Daga nan dama ta zo ta rufe babban yatsan hagu.

Wai riƙon ma iri uku ne. Akwai wanda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan yatsun hagu, ana kiransa da sunan Harry Vardon, Baturen da ya ci babbar gasar golf ta Birtaniya sau 6. Akwai wanda ake sarƙe ƙaramin yatsan da manuniyar hagu, irin na gwanayen wasan, Tiger Woods da Jack Nicklaus. Sai na yatsu goma, kowane yatsa a kan sanda. Na ce, "Yaya, wannan na ƙarshen ai shi ne nawa." Ya ce, "Naka na yatsu goma ne da haushi."

Na zaɓi na Tiger, don shi kaɗai na taɓa jin sunansa. Na sarƙe yatsu, na ɗaga, na sauke iya ƙarfina. Ƙasa ta tashi, hula ta faɗi, ƙwallo na nan inda take ko gezau. Kunyar da aka ce kar in tayar na tayar da ita, ɗayar kunyar kuma ta rufe ni.

Yaya ya ce matsewa ce ta yi yawa, in ka matse wuyan hannu ya sandare, kan sandar ba zai yi gudu ba. "Riƙe ta kamar ɗan tsako, kar ya tsere, kar kuma ka kashe shi."

To, ni bayanin kar ka kashe shi kaɗai na riƙe. Na sassauta, na yi bismillah, na kai duka. Na ji hannuna wayam. Ƙwallo dai tana nan. Sanda kuwa ta yi sama tana juyi kamar shirwa, ta je ta maƙale a reshen dalbejiya. Wani dattijo da ke wucewa da nasa yaron ya tsaya ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ta yi nisa."

Sai da aka samo gora. Yaya bai ce uffan ba, yana dai kallon reshen yana motsa baki, ina jin kuɗin sandar yake lissafawa. Har muka iso Tudun Wada rediyo ce kaɗai ke magana a motar.

Da magariba na lallaɓa kicin na ɗauki muciya, na sa hagu a sama, na sarƙe yatsu, ina duban gaɓoɓi biyu. Uwargida ta shigo ta tsaya tana kallona, ashe yayanta ya riga ya buga mata waya. Ta ce, "Maigida, tunda ka iya riƙo, ga tukunya nan ta tafasa. Amma don Allah a matse, ba mu da gora."