Na Je Gaida Martin Luther King, Na Gaisa Da Ƙeyarsa

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Washington ne ya yi alkawarin kai ni dandalin tunawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, sai jarrabawa ta tare shi. Ya ce, "Kawu, rubuta sunan a taswirar waya ka bi ta, ba wuya." Na rubuta, na taɓa wanda ya fara fitowa, na bi shi tiryan-tiryan da babbar rigata da ta sha sitati. Sai ga ni gaban wani baƙin gini mai gilasai a titin G, mutane na shiga da littattafai a hammata. Ashe babban ɗakin karatu na birnin ma sunan mutumin yake amsawa. Abin da ake rubutawa shi ne 1964 Independence Avenue, kuma da gayya aka zaɓi lambar, don a 1964 aka sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a.

Daga tashar Metro Center da ke kusa, zango biyu ne a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Smithsonian. Ana dangwala kati a shiga, a kuma dangwala a fita. A matakala mai tafiya da kanta mai tsayawa dama yake riƙewa, hagu ta masu sauri ce. Rigata ta cinye dama da hagun duka, sai da na waiga na ga dogon layi a bayana, kowa ya sha kunu.

Daga tashar akwai tafiyar ƙasa ta kusan mil guda. Wanda zai je ya bar sabon takalmi a gida.

Ba a biyan ko sisi, wurin a buɗe yake dare da rana. Mai shigowa ta wajen titi zai tarar da farin dutse an tsaga shi biyu, hanya ta ratsa tsakiya, wannan shi ne dutsen yanke ƙauna. Can gaba an turo yankin da aka ciro daga tsakiyarsa, dutsen kyakkyawan fata, mai tsawon ƙafa 30, wanda aka sassaƙa siffar King a jikinsa. Daga jawabinsa na 1963 aka samo fasalin. To, babu wanda ya gaya mini cewa mutumin bakin ruwa yake kallo, ya ba masu shigowa baya. Na tsaya gaban dutse fayau, ba ido ba hanci, na gyara hula na ɗauki hoto, na tura wa yaron da cewa kuɗin aikin ne ya ƙare musu. Ya kira ni yana dariya har da tari: "Kawu, don Allah zagaya, ƙeyarsa ce wannan!"

Da na zagaya kuwa ga shi nan, ya harɗe hannuwa a ƙirji, takarda a naɗe a hannu, fuska ba wasa, kamar mai bin bashi da ya gaji da jin "gobe". Wani mai sassaƙa ɗan ƙasar Sin, Lei Yixin, shi ya yi aikin, aka buɗe wurin a 2011. Da yake gabas maso kudu yake fuskanta, mai son hoto ya zo da hantsi. Ni da la'asar na isa, rana na bayansa, muka fito ni da shi kamar inuwa biyu.

A gefe guda na dutsen na ga wasu zane-zane, na duƙufa da tabarau ina neman rubutun da na ɗauka ya koɗe. Wani dattijo ya ce in huta. Da akwai rubutu, amma an kankare shi a 2013 saboda an gutsure maganar ta yadda ta zama kamar yana yabon kansa. Rubutun karantawa yana jikin katanga mai tsawon ƙafa 450, zantukansa 14.

Saura wuri ɗaya. Na ɗingisa zuwa ginin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln, inda King ya tsaya ranar 28 ga Agusta 1963 ya yi wa mutum kusan 250,000 jawabin mafarkinsa. An zana alamar wurin a ƙasa, matakala 18 ƙasa da ta ƙarshe, sai dai rubutun launinsa ɗaya da dutsen, shi ya sa wasu ke zuba masa ruwan gora don haruffan su fito. Na hau, na sauka, na sake hawa, ban gani ba. Na tsaya ina haki, 'yan makaranta suka kewaye ni da wayoyi a ɗage. Na ce lallai babbar riga ta yi kasuwa a Amurka, na buɗe hannuwa don aikin wuyan ya fito sosai. Malamarsu ta matso cikin ladabi, ta nuna ƙafafuna, ta ce idan ba damuwa in ɗan matsa, tun ɗazu yara ke jira su ga inda King ya tsaya.