Wanda ya shiga ruwa, ta ina zai fita?

A wurin gyaran jiragen ruwa da nake aiki a gaɓar Bahar Rum, kudancin Faransa, aikin da ya fi zuwa mana idan lokacin zafi ya gabato shi ne ƙara wa ƙaramin jirgin shaƙatawa dandamali a baya. Mai jirgi zai zo ya ce wurin da yaransa suke sauka cikin ruwa ya yi ƙanƙanta, yana so a faɗaɗa shi, a sa masa tsani. Ɗan Damagaram da ya ji haka zai ce wannan ai damuwar masu abin hannu ce, kuma bai yi ƙarya ba. Jirgin da ba ya kamun kifi, ba ya ɗaukar kaya, ba ya ƙetarar da kowa, mai ƙoshi ne yake ajiye shi. Amma dukan wahalar da ake sha a kan wannan dandamali saboda tambaya ɗaya ce: mutumin da ke cikin ruwa, ya gaji, babu mai miƙo masa hannu, ta ina zai fito? Ina ganin wannan tambayar ta fi shafar mu a Zinder fiye da yadda ta shafi mai jirgin nan, kuma mu ne ba mu yi wa kanmu ita ba.

Dandamalin kamar dakalin ƙofar gida yake, sai dai shi a rataye yake a bangon bayan jirgi, sama da ruwa da kamar taƙi ɗaya. Wanda muke ƙarawa yakan fito da santimita 60 zuwa 90. Kafin a yanka komai, da kwali ake fara fitar da siffarsa, domin bayan jirgi ba a miƙe yake ba, yana da lanƙwasa kuma a karkace yake. Sannan a ɗaga ƙafar injin har ƙarshe, a juya ta dama da hagu, a tabbata ba za ta taɓa dandamalin ba. Daga nan a yanka katako mai hawa-hawa irin wanda ake yi don ruwa, galibi na itacen okume da ake sarowa daga Gabon, a lulluɓe shi da zaren gilashi da rezin, wani irin ƙaro mai daskarewa ya yi tauri, ta sama da ƙasa da gefe, kada a bar ko ƙofar allura. Saman kuma a yi masa kaushi, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta da riƙo.

Inda aikin yake da wuya shi ne wurin ɗaure shi. Mutum mai kilo 80 da ya tsaya a bakin dandamali yana janye kusoshin layin sama, da ƙarfin da zai iya ninka nauyinsa, balle mutum uku sun zauna suna kaɗa ƙafa. Daga ƙasa kuma igiyar ruwa tana dukansa. Mita ɗaya na ruwa a tsawo da faɗi da zurfi tan guda ne, shi ya sa ake yi wa dandamalin tsaga-tsaga don ruwan ya samu hanyar wucewa, in ba haka ba wata rana zai ɓalle shi. Ba a ɗaure shi da sukuru a jikin jirgi kawai. Kusa mai noti ake sawa ta ratsa bangon gaba ɗaya, a tare ta daga ciki da faifan ƙarfe mai faɗi don nauyin ya bazu. Ƙarfen kuma sai inoks mai lamba 316, irin wanda ba ya saurin tsatsa, domin gishirin teku ba ya barin ƙarfen banza ya shekara da lafiya. Kowane rami da aka huda, ana faɗaɗa shi, a cika shi da rezin, a bari ya bushe, sannan a sake huda shi daidai kaurin kusa. Dalili kuwa, tsakiyar bangon nan katako ne a jirage da yawa, kuma idan ruwa ya samu hanya ta ramin kusa, zai ruɓar da shi a ɓoye har sai ran da ya karye da mutum a kai.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ya fi ƙarfin masu waldarmu da kafintocinmu na Sabon Gari da Zango. Wanda yake ƙera ƙofar ƙarfe da amalanken 'yan garuwa da tankin ruwa, ya san nauyi, ya san inda ƙarfe yake karyewa. Abin da ya bambanta mu da su yana wani wurin.

Dubi tsanin. Dokar Tarayyar Turai ta 2013 kan jiragen shaƙatawa, wadda ta fara aiki a 2016, ta ce dole a samu hanyar komawa cikin jirgi wadda mutumin da ke cikin ruwa zai iya kaiwa gare ta ko ya sauko da ita da kansa, ba tare da taimakon kowa ba. A Amurka ƙa'idar ƙungiyar ABYC, mai tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen ruwa, ta ce matakin ƙarshe na tsanin ya nutse aƙalla inci 22, wato kusan santimita 56, ƙarƙashin ruwa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin fita daga ruwa mai zurfi ya san hikimar wannan. Hannu kaɗai ba ya ɗaga jikin da ya gaji. Sai ƙafa ta samu abin takawa a ƙasa, sannan mutum ya iya miƙewa. Wani ya zauna ya yi tunanin mutumin da ya faɗa ruwa shi kaɗai, tufafinsa sun jiƙe sun yi nauyi, hannunsa ya mutu, ya auna inda ƙafarsa za ta kai, ya mai da shi doka. Wannan ne ya kama zuciyata a sana'ar nan.

Kada a ɗauka dandamalin nan alheri ne zalla. A ƙarƙashinsa farfela take, kuma nan ne hayaƙin inji yake taruwa. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana riƙe da dandamali sai ya sume ya nutse ba tare da ya yi ihu ba. Jihar Kalifoniya ta hana riƙe dandamali ko zama a kansa inji yana aiki tun 2005, bayan mutuwar matasa ta wannan hanya. Iskar nan ce dai take kashe iyali idan aka kunna janareto a ɗaki aka rufe ƙofa, don haka mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Duk jirgin da muka gama, muna gaya wa mai shi: kafin kowa ya taka dandamali, a kashe inji.

To, mu koma gida.

Zinder gari ne da aka sani da ƙishirwa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka mai da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake jawo mana ruwan famfo, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Saboda haka idan aka ce ruwa, tunaninmu yana kan na sha. Amma garin a kan dutse yake zaune, ƙasa ba ta shanye ruwan sama da sauri, kuma daga Yuli zuwa Satumba kowane kwari yana cika. Tafkin Kanya yana batsewa, kududdufan da aka yi shekaru ana ɗibar ƙasar tubali a cikinsu suna komawa ruwa mai zurfi. Daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni ta nuna mana irin ruwan da yake iya sauka. Kududdufin tubali shi ya fi ba ni tsoro, domin ba a gangare bakinsa yake ba. Masu haƙa suna bin ƙasa mai kyau, sai su bar gaɓa a tsaye, wani wurin ma sun rarake ta ta ƙasa. Idan ruwa ya rufe shi, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ji babu ƙasa. Ya juyo zai fita, yumɓu yana zamewa a hannunsa. Ga gaɓa yana gani, bai fi kamu biyu ba, amma babu abin kamawa babu abin takawa.

Babu unguwar da ba ta da labarin irin wannan. 'Yan kwana-kwana su zo su fito da gawa, a yi salla, a ce kwana ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankin Afirka ne a gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nutsewa. Ranar tana faɗowa a tsakiyar daminarmu, daidai lokacin da yara suke hutun lakwal, suna yini a bakin tafki.

Maganin da muka sani shi ne hani da bulala. Uwa ta ce kada ka je, malam ya ce akwai aljanu a ruwan, wa ya kama ƙanensa da jiƙaƙƙen wando ya zane shi. Ban raina tsoron da ke bayan wannan ba, ƙauna ce. Amma ya hana su zuwa? Yaro ɗan shekara goma, rana tana dukansa, ga ruwa a bayan gida, abokansa suna ciki. Zai je. Abin da bulala ta yi shi ne ta sa ya je a ɓoye, inda babu babba, kuma idan abokinsa ya nutse sauran su watse su yi shiru don tsoron duka, a rasa mintocin da za a iya ceto a cikinsu. A nan Faransa koyon iyo yana cikin manhajar makaranta, ana kai yara wurin wanka aji-aji, a gwada su, a ba su takardar shaida. Su ma ana nutsewa a wurinsu kowace shekara, ba su gama da matsalar ba. Sai dai sun yarda cewa yaro zai shiga ruwa, suka shirya masa. Mu mun ƙi yarda, muka bar shi da ƙaddara.

Za a ce mini Faransa tana da kuɗi da wuraren wanka masu tsabta. Gaskiya ne, shi ya sa misalin da ya fi dacewa da mu Bangladash ne. Can akwai shirin da ake kira SwimSafe, inda ake shiga tafkin ƙauye a kafa dandamalin gora a cikin ruwa, a kewaye shi, zurfinsa bai wuce inda yaro zai tsaya ba, matasan garin da aka horar su koya wa yara iyo da yadda ake ceto da sanda ko igiya ba tare da an faɗa ruwan ba. Gora ce da igiya kawai. Tunanin da ke cikinsa kuwa shi ne na jirgin mai kuɗin nan: a ba ƙafa wurin tsayawa.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba zan tsallake ba, wato tsargiya. Ruwan tafkunanmu yana ɗauke da ita, wasu kududdufan cikin gari kuma shara da ƙazanta ake zubawa a cikinsu. Irin waɗannan ba wurin koyon iyo ba ne, cike su ya kamata a yi ko a katange su. Ba ina kiran a tura yara cikin kowane ruwa ba. Amma yaran da muke tsoron kada su kamu da tsargiya suna cikin ruwan tuni, kuma tsargiya tana da magani, ana ma raba shi a makarantu. Wanda ya nutse ba shi da magani. Jami'an kiwon lafiya su ne za su faɗi ruwan da ya dace, mu kuma mu bi.

Abin da nake so in gani ƙarami ne, kuma bai kai kuɗin rumfar biki ba idan unguwa ta haɗa hannu. A kowane kududdufi da yara suke zuwa, a sassabe gaɓa ɗaya ta zama gangare, a gina matakala ta dutse da siminti da za ta sauka har ƙasan ramin, ba ta tsaya a inda ruwa yake kaiwa ba. Dutse dai ba mu rasa shi a Damagaram. Na fi son siminti a kan tsanin ƙarfe a nan, domin ƙarfe yana tsatsa kuma yana da masu saye. A kafa sanduna a inda zurfi yake farawa, a yi musu fenti, tsawonsu ya wuce ruwan Agusta. A rataye doguwar sanda da jarka rufaffiya mai igiya a gindin itace mafi kusa, jarkar da babu komai a ciki tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. A manyan ruwaye irin na Gidimuni, inda masunta suke da kwale-kwale kuma suka iya ruwa tun suna yara, su ne malaman iyon da muke nema, a biya su su koyar. 'Yan mata ma a samar musu mata masu koyarwa da lokacinsu daban, domin su ne suke zuwa wanki da ɗibar ruwa a bakin tafki, kuma zane idan ya jiƙe yana ɗaure ƙafa.

Masu unguwanni da limamai da magajin gari su ne za su iya tsayawa a kai, mu da muke waje kuma mu aiko da kuɗin siminti kamar yadda muke aikowa na ginin masallaci da rijiya. Aikin na rani ne. Daga Maris zuwa Mayu ramukan a bushe suke, ana ganin ƙasansu da inda gaɓa ta rarake, magini zai iya sauka ya auna ya yi gininsa siminti ya kama. Idan aka bari ruwan Yuni ya fara sauka, sai kuma wata shekara.