Ranka ya daɗe, ina ka tsaya ranar ƙuri'a?

Tun jiya hotunan rabon kayan da ɗan majalisarmu na tarayya ya yi suke yawo: kekunan ɗinki a jere, injinan markaɗe, babura, kowanne an manna masa hoton mai gida, yaransa na Facebook kuma sai rubuta "wakilci nagari" suke yi kamar an biya musu karatu ɗaya. Abin da ya ɓata min rai ba rabon ba ne. Wani bawan Allah ne ya yi tambaya a ƙarƙashin hoton, cikin ladabi, ya ce don Allah wane ɓangare ɗan majalisarmu ya zaɓa a dokokin haraji? Aka yi masa caa. Wannan ya ce hassada ce, wancan ya ce ɗan adawa ne aka turo, wani har iyayensa ya taɓa. Babu mutum ɗaya da ya amsa tambayar. To ni ma ita nake yi, kuma ba zan daina ba: ina ya tsaya ranar ƙuri'a?

Aikin da muka tura shi Abuja ya yi ke nan. Sashe na 4 na kundin tsarin mulki yin doka ya ɗora wa majalisa, sashe na 88 ya ba ta ikon bin diddigin yadda ake kashe kuɗin jama'a. Babu inda aka rubuta keken ɗinki. Mutum 360 ne a majalisar wakilai, 109 a ta dattawa, kowannensu da murya ɗaya da ƙuri'a ɗaya, kuma wannan ƙuri'ar tamu ce, amana muka ba shi. Wanda ya riƙe maka amana kuwa kana da haƙƙin ka ce ya nuna maka inda ya kai ta.

Ku dubi abin da ya faru a Maris 2025. Ranar 18 ga wata Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Fubara da mataimakiyarsa da majalisar jihar gaba ɗaya har wata shida. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ranar 20 ga wata aka zo aka yi ƙuri'ar murya. Masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, aka buga guduma, shi ke nan. Don Allah da wane kunne ake ƙirga mutum 240? Har yau babu takardar da za ka ɗauko ka ce ga sunan ɗan majalisarka, ga abin da ya zaɓa. Zai iya zuwa gidan rediyo ya rantse bai yarda ba, ya koma Abuja ya ce wa manya yana tare da su, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Kada wani ya ce min Ribas ta yi mana nisa. A 2004 Obasanjo ya dakatar da Dariye a Filato, a 2013 Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Wannan sashen ya taɓa mu a baya, zai iya sake taɓa mu gobe.

Haka aka yi da ƙudurin sauya taken ƙasa a Mayu 2024. Majalisar wakilai ta yi wa ƙudurin karatu na ɗaya da na biyu da na uku a rana guda, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 29 ga wata, a lokacin da magidanci ke kasa sayen kwanon masara. Namu ya tashi ya ce a dakata? Ya ɗaga hannu? Yana ma cikin zauren kuwa? Ba mu sani ba, shi kuma bai ga ya kamata ya faɗa mana ba.

Dokokin harajin nan da aka zagi bawan Allah a kansu, Arewa gaba ɗaya ta ɗauki zafi. Gwamnoninmu sun zauna a Kaduna a Oktoba 2024 sun ce ba su yarda da sabon tsarin rabon kuɗin VAT ba. Sanata Ali Ndume ya fito ya faɗi matsayinsa da bakinsa, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ka dai san inda yake. An yi gyare-gyare, an sa hannu a Yuni 2025. A duk tsawon watannin nan namu me ya ce? Ku je shafinsa ku duba. Ta'aziyya, ɗaurin aure, barka da Juma'a, hoto da gwamna, hoto a filin jirgi. Ban raina zumunci ba, amma ba a biyan mutum albashi don ya je ɗaurin aure.

Za a ce min ai tsarin majalisa ne, ba laifinsa ba ne. Ban karɓi wannan ba. Ranar 15 ga Yuli 2021, da ake muhawara kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Abaribe ya tashi ya nemi kowa ya miƙe ya faɗi ƙuri'arsa da sunansa. Mutum 52 suka zaɓi a ɗaure hannun INEC da sharaɗin amincewar hukumar sadarwa da majalisa, 28 suka ƙi, 28 ba su nan. Sunaye suka fita jaridu, jama'a suka yi ta kiran sanatocinsu, kafin ƙarshen Oktoba majalisar ta janye matsayinta. Ka ga amfanin suna ke nan. Kuma ko ba a yi haka ba, wa ya hana shi ya rubuta layi uku a shafinsa da yamma, ya ce yau an kawo kaza, na zaɓi kaza, ga dalilina? Kyauta ne. Wanda ke da yara goma masu ɗora hotonsa ba zai rasa mai rubuta wannan ba.

Za a kuma ce talaka ba ruwansa da ƙuduri, cikinsa ya dama. Wannan maganar ce ta fi yi min ciwo, domin raini ne. Matar da ta karɓi injin markaɗe ita za ta sayi man da za ta zuba masa, ita za ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, ita za ta kwana a asibitin da babu magani. Duk waɗannan a cikin kasafin kuɗin da ake amincewa da shi a zauren nan suke. Allah ya sanya mata albarka a injinta, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma kuɗin ayyukan mazaɓu ba daga aljihun kowa suke fitowa ba, kuɗin gwamnati ne. Buhari da kansa ya ce a 2019 an ware kusan naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma a kan waɗannan ayyuka ba a ga tasirinsu a ƙasa ba. Sanata Kawu Sumaila kuma ya faɗa wa BBC Hausa a 2024 cewa naira miliyan 21 yake karɓa duk wata na gudanar da ofis. Mutumin da ƙasa ke kashe wa irin wannan kuɗi, a ce tambayarsa yadda ya jefa ƙuri'a rashin kunya ce?

Ranka ya daɗe, ba gaba nake da kai ba. Idan ka zaɓi abin da ba na so, ka faɗa, mu yi muhawara, wataƙila ma ka gamsar da ni. Shirun ne ba zan yarda da shi ba.

Wai ma tsaya, rijiyar burtsatse da gyaran ajin firamare da ake ta yabon ɗan majalisar tarayya a kansu, ba aikin ƙaramar hukuma ba ne? Kotun ƙoli ta yanke hukunci tun Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ina ciyaman ɗinmu? Ina kansila? A unguwarmu magudanar ruwa ta toshe tun daminar bara, matasa ne suka yi karo-karo suka yashe ta, kuma ban ji wanda ya je sakatariya ya tambayi nawa ya shigo asusun a watan ba.